Shekarar da Lakol Ta Ci Gamanata

Lakol ɗin garinmu, makarantar bokon nan, a kan gonata take zaune, kuma har yau babu wanda ya taɓa tsayawa ƙofar gidana ya ce, Zule, sannu. Na faɗa, ba kuma zan janye ba. Wanda ya ji haushi ya zo. Gidana ba ɓoyayye ba ne, shi ne na ƙarshe kafin rijiya in ka biyo hanyar Gazawa.

Bazarar bana ce ta tayar mani da maganar. Zafi ake yi irin wanda kaza ke saki fiffike ta buɗe baki tana haki. Da la'asar hadari ya haɗu gabas, ya yi baƙi har mata su fara kwashe shanya, sai wata iska ta zo ta watsa shi kamar ba a yi ba. Mu tsofaffi mun san wannan salon, mun taɓa ganin inda ya kai mu. Ina zaune gindin rumbu ina tsince irin wake, rediyon jikata Nafisa na ta surutu, sai na ji ana yabon tsohon depite Laminu, ɗan majalisa. Wai uban karatun karkara. Wai tun yana ƙaramin mushe, wato malamin boko, ya kafa lakol a garinmu cikin shekarar yunwa, a kan wani fili da babu mai so.

Na ce, "Fili da babu mai so? Kashe abin nan."

"Haba Kaka, garinmu fa ake faɗa a rediyo."

"Garinku ake faɗa, gonata ake ci. Kashe na ce."

Ta kashe tana zumɓura baki. Ita ba ta san komi ba, ubanta ma yana ƙarami aka yi abin.

Ga wanda ya tashi birni, bari in faɗa mashi mene ne gamana. Gandu gonar maigida ce, kowa na gida ya yi mata aiki. Hatsin gandu babban rumbu yake shiga, a liƙe bakin da laka bayan girbi, namiji ya tafi cin rani kudu, ba a buɗewa sai an koma noma. Gamana kuwa ɗan yankin da miji ke yanka wa mace ne, ta nome shi in an taso daga gandu, rana na tsakar ka, ko ranar Juma'a. Abin da ta samu ciki, shi za ta ci da 'ya'yanta duk tsawon rani. Wanda ya taɓa gamanar mace, tukunyarta ya taɓa.

Shekarar da nake faɗa, ruwa yaudararmu ya yi. Ya sauka da wuri, mai yawa, kwaɗi suka yi kuka tun ba a gama sharar gona ba. Muka fita, maza na sara da sungumi, mu mata na bin su da ƙwaryar iri, muna jefawa muna takewa da diddige. Hatsi ya tsiro kore shar, ya kai tsawon yatsa. Daga nan sama ta rufe bakinta. Iska mai zafi ta riƙa kwaso rairayi tana yankan tsiron, ka je da safe ka tarar da shi kwance kamar an watsa mashi tafasasshen ruwa. Aka yi roƙon ruwa a filin idi, aka sake. Da ruwan ya ga dama ya dawo, iri ya ƙare, sai abin da za mu ci muka ɗebo muka binne.

Shuka ta biyu ta yi kai, muka fara sakin fuska. Sai tsutsa ta shiga zangarniya tana zagaya ta. Ka kama ka murza, ƙaiƙayi ne kawai ke zubo maka a tafi. Abin da gandunmu ya bayar bai rufe gindin rumbu ba. Gamanata, da yake tudu ce, ita ta fara ƙonewa. Ɗan wake na samu, da 'yar yakuwa, da hatsin da na ɗauko a kai tafiya guda ban ko sauke a hanya ba.

Cikin wannan kakar mota ta sauke mana Mushe Laminu bakin hanya, da akwatin ƙarfe da baƙin allo ɗaure da igiya. Saurayi ne dogo, siriri kamar karan dawa, Bagobirin wajen Gidan Rumji, ga zane a kumatu. Gwamnati ta turo shi ya buɗe lakol, amma ba ta turo shi da ɗaki ba. A ƙasarmu ajin farko na kara ne. Sai an yi girbi, kowane gida ya kawo dami, a kafa dirkoki a jingina kara a ɗaure. Ruwan farko ya rushe shi, yara su koma gona, in kaka ta zagayo a sake wani.

To, ina za a kafa? Gabas da gamanata gandun maigari ne, uban wannan maigarin na yanzu, gona ce wadda ba ka ganin ƙarshenta sai ka hau jigawa. Amma ina cikin daka na ji su a zaurenmu, maigari da baƙon mushe da maigidana, Allah ya jiƙan shi. Na sassauta taɓarya. Abin da na ji kawai muryar maigidana yana cewa, "Ai ba komi, ranka ya daɗe. Ba komi."

Da ya shigo na ce, "Malam, mene ne ba komi?"

"Rabin gamanarki za a ara wa lakol, na gabas. Aro ne, Zule, zuwa faɗuwar ruwa."

"Gandun maigari ba ya aruwa?"

"Dawa na tsaye ciki."

"Dawar ba za a yanke ta ba har abada?"

"Ke dai bakinki zai ja mana wata rana."

Bai ƙara kwanaki ba ya rataya jaka ya yi kudu, shi da duk wani namiji mai ƙarfi a garin. Aka bar mata da tsofaffi da yara da mushe.

Saboda haka in rediyo ta ce da hannun shi ya kafa lakol, sai in ce da kawunanmu aka kafa ta. Kara a shekarar nan ba abin wasa ba ne. Shi ne abincin dabba, shi ne itacen murhu, shi ne darnin da ke rufa wa mace asiri. Duk da haka mu muka ɗauko shi dami-dami, ƙaiƙayi na zuba mana a wuya, goyo na kuka a baya. Ba zan ci haƙƙin shi ba, ramukan dirka shi ya haƙa, har tafin shi ya fashe ya ɗaure da tsumma ya ci gaba. Aji ya tsaya. Na kai babban ɗana Sani, uban Nafisa, na ce in dai a kan gonar uwarka ne, ai kai ka fi kowa cancantar zama.

Sai rani ya miƙe. Hatsina ya ƙare tun sanyi bai fita ba. Wake ya bi shi. Yini ya koma iri ɗaya kullum. Da asalatu mu tafi rijiya, guga ta yi ta tafiya kamar ba za ta taɓa ruwa ba, ta dawo rabi laka. Daga nan daji, neman jiga da anza, kullum sai mun ƙara nisa don na kusa an tsige. Anza ba a ci mata da gaggawa. Ka ɓare ta, ka dafa, ka jiƙa, ka zubar da ruwan, ka sake jiƙawa, ka yi ta yi har ɗacin ya saki, yara na zaune suna kallon tukunyar da ba halin a taɓa. Warin ruwan anza har yau in na tuna sai miyau ya tsinke mani. Fura ta koma farin ruwa, kana hango gindin ƙwarya. Dusar da muke ba akuya muka koma tankaɗewa muna tuƙawa. Gashin yara ya yi ja. Suka daina faɗa da juna, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan, gida shiru da rana tsaka alhali cike yake da yara.

Mushe ma bai tsira ba. Albashi ya daina zuwa, ya rame har wandon shi sai da igiya. Kwaɗon jiga da muke aika mashi yake ci, ya suɗe kwano. Wata rana ya ari keke ya tafi Agiye, can ya kwana, ya dawo bayan amalanke da buhun garin rogo. Inda ya samo, shi ya sani. Ya riƙa jiƙa wa 'yan lakol da hantsi, kowa ludayi. Yaran da iyaye suka hana da farko, sai ga su ana jawo su da hannu. Mata suka yi ta sa mashi albarka. Ni na ce ban taɓa ganin an watsa wa kaza tsaba don Allah ba. Amma Sani ya sha, kuma ludayin nan ne ya tsayar da shi. Wannan ma na faɗa.

Ina da akuya guda, ja, mai taurin kai irin nawa. Da ciyawa ta ƙare sai ta gano aji abinci ne. Ta ci kusurwar yamma har yara na leƙen waje ta ciki. Mushe ya aiko a ce in ɗaure ta. Na ce a gaya mashi karan uwarɗakinta take ci a gonar uwarɗakinta, wa ta yi wa ɓarna?

Dariya aka yi lokacin. Dariyata ta ƙare ranar da na taso daga rijiya cikin tsakiyar bazara, tulu a kai, ƙasa na ƙona ƙafa, na hangi wasu tarin ƙaya a gamanata. Na matsa. Cikin kowace ƙaya akwai ɗan tsiron bedi, dogon yaro ke nan, an yi mashi gurbi, an ba shi ruwa. Ruwa! A lokacin da muke auna na sha da moɗa.

Duk wanda aka haifa a ƙasar nan ya san ba a dasa itace a gonar aro. Ka shuka hatsi, ka shuka wake, abin da zai mutu cikin shekara. Amma itace, da rijiya, da ginin ƙasa, waɗannan na mai gona ne. In ka dasa itace ya kama, mai gona ya yi shiru, to ka ce wurin naka ne kuma ya yarda.

Na sauke tulu na leƙa aji. "Mushe, fito."

Ya fito da alli a hannu. "Yaya Zule, lahiya?"

"Mene ne wancan?"

"Bedi na. Inuwa ga ɗiya. Kin ga yadda rana ka dukan su."

"Na san bedi. A Gobir ana dasa itace a gonar aro?"

Ya share gumi da hannun riga, ya yi wannan murmushin nashi da ya kai shi har majalisa. "Wanga ɗan tsiro? Ko akuyarki ta fi ƙarfin shi."

"Ban tambaye ka ƙarfin shi ba. In inuwa kake so, me ya hana ka dasa jikin aji? Me ya kai su can nesa, a jere kamar an ja igiya, daidai inda rabina ya fara?"

Ya ce in ruwa ya sauka sai a zauna da maigari.

Ban jira ruwa ba, na tafi wurin maigari a ranar. Ya bar ni durƙushe a rana sai da ya gama cin goro, sannan ya ce itacen gwamnati ne, wanda ya tuge shi da jandarma zai yi magana, kuma shi ba ya shari'ar gona da mace mijinta na raye. Na koma na kwance akuya na kai ta har bakin ƙaya. Ta yi iyakar ƙoƙarinta, baiwar Allah. Ƙayar aduwa ce, an kuma danne ta da duwatsu. Wanda ya yi shingen nan ya san da akuyata.

Har yau ban san ko da niyya ya yi ba. Na juya abin shekara da shekaru. Wata rana in ce yaro ne, tausayin ɗiyan mutane ya ɗebe shi. Wata rana in tuna yadda bedin nan suka miƙe a kan iyaka, in ce a'a, ɗan manoma ne, ya san abin da yake binnewa.

Ruwa ya sauka, aji ya rushe kamar yadda aka saba. Na ɗauki sungumi na nufi rabin gabas. Ƙafafun yara sun daɓe wurin ya yi tauri kamar tsakar ɗaki, duk da haka na fara sara. Ɗan aiken maigari ya zo ya ce a dakata, ana jiran magana daga buro, ofishin gwamnati. Maigidana ya dawo daga kudu da tari da jaka wayam, ya ce don Allah in bar maganar, ba shi da ƙarfin ta. Daminar ta yi kyau, kowa ya farfaɗo. Ni kuwa ranin da ya biyo baya ya fi mani shekarar yunwar kanta zafi, don maƙwabta na daka, ni rabin gamana ba ta kai ni ko'ina ba. A ranin nan akuyar ta tafi kasuwar Gazawa. Maganar buro har yau ba ta iso ba.

Bedi suka girma. Mushe ma ya girma. Ya zama darakta, shugaban lakol, aka ɗauke shi, ya zama mai duba lakol-lakol a Agiye, daga nan siyasa ta kira shi ya tafi Yamai yana depite. Kuma ya yi aiki, wanda ya ce bai yi ba maƙaryaci ne. Shi ya kawo ajin siminti, ya kawo famfo. Uban da ya cire 'yarshi daga lakol, har gida yake bin shi, ya zauna zaure ba ya tashi sai an maido ta. Muna jin shi a rediyo yana faɗa da manya kan ajin kara da gobara ke cinyewa. Kafin ya bar garinmu shi ya buɗe karatun manya, bayan rasuwar maigidana, da la'asar in yara sun tashi. Na shiga. Mata na tsammanin son karatu ne. Ni dai na ga hanyar da zan zauna a kan ƙasata ba mai ce mani me kike nema. Alli ya yi ta karyewa a hannun da ya saba da taɓarya, shi kuma bai taɓa ɗaga mani murya ba, sai ya miƙo wani. Da na fara haɗa baƙi abin ya kama ni, na fi kowa naci. Lokacin zaɓe shi na jefa wa ƙuri'a, ina hararar hoton shi.

Amma ga abin da na lura. Duk sanda alheri ya zo, yamma yake faɗowa. Aka zo ginin makewayi, aka ɗan ƙetare bedi. Aka zo ɗakin darakta, aka ɗan ƙara. Gabas kuwa, gandun maigari na nan yadda Allah ya yi shi, lakol ba ta taɓa ci mashi taki ɗaya ba. Maigidana ya rasu, gandunmu an raba shi tsakanin magada har ya zama tsummoki. Abin da ya rage na gamanar nan shi ne ke hana ni miƙa wa surukata kwano.

Shi ya sa da na ji yabo a rediyo gabana ya faɗi. Ruwa ba ya tsami banza. Ba a rufa mako ba kuwa sai ga farar mota ƙofar gidana.

Laminu ne. Ya tsufa. Gashi fari fat, ga sanda, ga ciwon gwiwa. Ya ƙi kujera, ya zauna tabarma, ya ajiye goro da sukari. Muka gaisa, ya tambayi jikoki da sunayensu, bai manta ko ɗaya ba. Wannan ma ban so ba.

"Yaya Zule, alheri na kawo."

"Na sani. Ta wace kusurwa zai faɗo?"

Ya yi dariya har da tari. Ya ce ya samo masu gina kwalejin 'yan mata a garinmu. Yaran da suka gama aji shida ba sai an kai su Gazawa zaman gidan mutane ba, inda rabi ke dawowa kafin shekara. Ya ce ya daɗe yana bin abin, shi ne na ƙarshe da yake so ya gani kafin ya kwanta dama. Fili kawai ya rage, kuma dole ya haɗe da lakol.

Na ce, "Gabas akwai fili har jigawa."

"Na roƙi maigari. Ya ce gandun gado na, ba shi taɓuwa."

"Tawa daga sama ta faɗo?"

"In munka tsaya jayayya da shi, masu ginin wani gari za su kai shi. Sun ce kahin ruwa shi zauna suke son sa harsashi."

"Wato shi ba ya taɓuwa, ni ina taɓuwa."

Ya sunkuyar da kai yana juya sanda. Can ya ce, "Ke kin san daɗin karatu. Shi bai sani ba."

"Kai Bagobiri! Wato karatun da ka koya mani, shi ne igiyar da za ka ɗaure ni da ita?"

"Subhanallahi, Yaya Zule."

"To amsa mani abu guda, mun tsufa, ba mai jin mu. Bedin nan, inuwa ka dasa ko iyaka?"

Ya ce, "Na ga lakol uku da anka tayar bayan ruwan fari, ba su sake tsayuwa ba. Ban so tawa ta zama ta huɗu."

Na ce ya ba ni lokaci in yi shawara, ya ce ba komi, ya dafa sanda ya tashi.

Motar ba ta gama fita gari ba Nafisa ta faɗo mani. Bana take gama aji shida, kuma kanta na ja, ba don jikata ce ba. Ubanta ya riga ya ce ba zai kai ta Gazawa ta zama 'yar wanke-wanken wasu ba.

"Kaka, saboda ɗan tudun nan da ko wake ba ya yi sosai za ki hana mu kwaleji?"

"Ɗan tudun nan ne ya yi ubanki, marar kunya."

"Ke kin yi karatunki da furfura, ni kina so in jira tawa furfurar?"

"Wa ya ce kar a gina? A gina mana! Ni cewa na yi garin nan kusurwa huɗu gare shi."

"Maigari ba zai bayar ba, kowa ya sani."

"An taɓa matsa mashi ya ƙi? Roƙon shi ake yi. Ni ce ake zo wa da sukari."

Ta fashe da kuka ta shige ɗaki. Kukan ya taɓa ni, ba zan ɓoye ba. Na zauna ina auna abin: in na ƙi, yarinyar nan ta zauna gida, kuma duk garin za a ce tsohuwa ta kori kwaleji. In na yarda, in ƙare kwanana ina jiran a sammani.

Da la'asar na ce bari in je in dubi wurin, ko zuciyata ta faɗa mani wani abu. Hadari ya sake haɗuwa, iska ta tsaya cik, ko ganye ba ya motsi. Tun daga nesa na hangi jan ƙyalle. Turakun ƙarfe ne an kafa a kusurwoyin gamanata, kowane da jan tsumma, an zagaye da igiya. Sawun takalma ko'ina a kan takin da na kwashe rani ina kaiwa da kai.

Sawun ya bushe. Ba na yammacin nan ba ne, tun safe aka kafa su, kafin a shimfiɗa mani goro da sukari.

Na biya gidan Sani. Yana gyaran ƙotar sungumi, da ya gan ni ya kasa haɗa ido.

"Da kai aka yi?"

"Inna, maigari ne ya kira ni jiya. Ga depite zaune, ga baƙi. Me zan ce?"

"Me ka ce?"

"Na ce ba komi."

Na dube shi. Har muryar ta ubanshi ce.

Ko depite ya san an riga an kafa turakun lokacin da ya bar ni in yi shawara, ko maigari ne ya yi gaban kanshi, wannan ma zai shiga cikin abubuwan da ban sani ba. Na gaji da rashin sani.

Ina isa gida iska ta juyo da sanyi, ƙamshin ƙasa ya riga ruwan isowa. Kafin magariba ya sauka, ruwan shuka na sosai, har indararo na kuka. Yara suka fita tsirara suna ihu. Na jawo ƙwaryar irina ciki, na jingina sungumi bakin ƙofa, na nemo taɓaryar da ta fi nauyi.

Gari na wayewa kowa ya yi gona. Ni ma na yi. Ƙasa ta yi laushi, turakun ba su yi gardama ba, ɗaya bayan ɗaya na tuge su. Na naɗe igiyar, na ɗaure su dami guda, na aza a kai. Na ratsa ta tsakiyar lakol, darakta na tsaye bakin famfo da buta, baki buɗe. Na ce mashi ina kwana, na wuce.

Gandun maigari 'yan ƙwadago sun fara sara daga can gefen jigawa. Na sauke kayana daidai inda lakol ta ƙare. Na auna da ƙafa yadda na gani an yi a tawa, har na ƙara masu kaɗan don 'yan mata na son wurin wasa. Na kafa na farko, na bi shi da taɓarya har sai da ya shige rabi. Kafin in gama na ƙarshe sara ya tsaya, duk sun taho sun yi cirko-cirko.

Babbansu ya ce, "Inna Zule, lafiya? Me ke nan?"

"Kwalejin 'yan mata. Ku shuka daga igiya zuwa gabas. Wanda ke da magana, ina gamanata har azahar."

Ɗaya ya yar da sungumi ya ruga cikin gari. Na ja igiyar ta miƙe, na ƙulle, na ɗauki taɓaryata. Danshi ba ya jiran kowa, ga wake ban jefa ko ƙwaya ba.